Sabon tafkin ninkaya a gida: da me ake fara gyaran ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gina tafkin ninkaya a bayan gidana domin yara. Tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 4, zurfinsa kuma ya fara daga mita 1 ya gangara har mita 1.5. A makon gobe magina za su yi masa yaɓen ƙarshe na farin siminti da garin mabul, daga nan sai a cika shi da ruwan burtsatsen gidan. Wanda ya haɗa mini injin jan ruwa da tukunyar yashi mai tace ruwa ya kawo bokitin garin kulorin, da robar ƙwayoyin kulorin masu kama da sabulu, da jarkar asid, ya ce da zarar ruwa ya cika in watsa kofi biyu na garin, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba, domin bai tambayi yawan ruwan ba, bai kuma auna komai ba. Da me ya kamata in fara, kuma yaushe yara za su iya shiga? Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa iyali su mori wurin lafiya. Gaskiyarka da hankalinka bai kwanta ba, kuma na ji daɗi da wasiƙarka ta iso kafin a saki ruwa, domin gyara tun ran gini ya fi sauƙi da araha. A sabon tafki kulorin yana cikin abubuwan ƙarshe da ake zubawa, kuma babu sinadarin da ya kamata ya taɓa wannan ruwa kafin a auna shi.

Mu fara da lissafi, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya dogara. Tsaka-tsakin zurfin tafkinka mita 1.25 ne, idan ka ninka shi da tsawo da faɗi za ka samu kubik mita 50, wato lita 50,000. Ka rubuta wannan lamba a bangon ɗakin injin. Ma'aunin da za ka riƙa gani a jikin kayan gwaji shi ne ppm, kuma ma'anarsa giram 1 na sinadari a cikin lita 1,000 ta ruwa. Ke nan a tafkinka ppm 1 yana nufin giram 50. Garin kulorin da aka kawo maka, irin wanda ake sayarwa da sunan HTH, kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ne kawai ƙarfinsa, saboda haka kana bukatar kimanin giram 77 kafin ka ɗaga kulorin da ppm 1. Idan kofi biyun nan sun kai rabin kilo, to za su kai ruwan sama da ppm 6, ninkin abin da ake so, kuma a ranar da bai kamata a sa ko kaɗan ba. Ka sayi ɗan ƙaramin sikeli irin na masu yin kek ka ajiye kofi gefe.

Abu na biyu da za ka saya shi ne akwatin gwaji na ɗigo, wanda ke auna abubuwa biyar: pH (ma'aunin tsamin ruwa), kulorin, alkaliniti (abin da ke danne pH), kalsiyam da sayanurik asid (mai kare kulorin daga rana). Akwai na takarda da ake tsomawa, yana da sauri amma ƙiyasi yake bayarwa, kuma a makonnin farko ƙiyasi bai wadatar ba. Ka nemi wanda gwajin kulorinsa yake mayar da ruwa ruwan hoda, wato gwajin DPD, wanda wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Arthur Palin, ya fito da shi a 1957. Mai mayar da ruwa ɗorawa yana haɗa kulorin mai aiki da wanda ya riga ya gaji a lamba ɗaya, ba zai nuna maka gaskiyar halin da ake ciki ba. Idan za ka ɗebi ruwan gwaji, ka nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da bakin da ke dawo da ruwa, ka riƙe kwalbar ɗigo a tsaye sak, sannan ka duba launin a gaban farar takarda cikin hasken rana. Ka ajiye akwatin cikin gida, domin zafi yana lalata ruwan gwajin. Gwajinka na farko kuwa ruwan burtsatsen za ka yi wa tun kafin ya shiga tafki.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake jan hankalinka kan haƙuri. Siminti ba bushewa kawai yake yi ba, nuna yake yi a hankali, kuma a cikin kwana 28 na farko yana fitar da wani sinadari ɗan gidan farar ƙasa, wanda ke sa pH ya yi ta hawa kullum, yana kuma zubar da farar ƙura a ƙasan tafki. A wannan lokacin fuskar yaɓen tana da laushi. Idan ruwan da aka zuba ba shi da isasshen kalsiyam, ko yana da tsami, to zai ci nasa kalsiyam ɗin daga jikin bangon, ya bar shi da kaushi irin mai goge wa yara tafin ƙafa. Idan kuma kalsiyam da pH suka yi yawa, sai farin ɓawo ya kwanta a bango kamar wanda ke taruwa a gindin butar dafa shayi. Wilfred Langelier, malami a Jami'ar Kalifoniya, shi ya tsara lissafin wannan daidaito a 1936 domin bututun ruwan sha, kuma da shi masu kula da tafkuna suke aiki har yau. Lissafin yana haɗa pH, alkaliniti, kalsiyam da zafin ruwa, abin so kuma shi ne sakamakon ya tsaya kusa da sifili, tsakanin -0.3 da +0.3.

Ranar cikawa, ka ɗaure tsabtataccen tsumma a bakin tiyo, ka kwantar da shi a wuri mafi zurfi, ka saki ruwa da zarar magina sun ce yaɓen ya isa. Kada a tsaya ko sau ɗaya har sai ruwa ya kai tsakiyar bakin da ke zuƙar ruwa, domin duk inda ruwa ya tsaya na wasu sa'o'i yana barin zobe a jikin sabon yaɓe, kuma wannan zoben ba ya fita da goga. Idan burtsatsenka ba zai iya ba da lita 50,000 a jere ba, ka yi magana da masu tanka tun da wuri. Haka nan ka tanadi man janareta, domin ƙa'idar da ƙungiyar masu yaɓen tafkuna ta Amurka ta shimfiɗa ita ce inji ya yi aiki ba tsayawa na sa'o'i 72 na farko, a riƙa goge bango da ƙasa da buroshin roba sau biyu a rana, kuma kada a sa kulorin sai bayan sa'o'i 48. Gogar nan tana da gajiyarwa, amma ita ce ke tayar da ƙurar siminti ta tafi tukunyar yashi kafin ta daskare a jikin bango.

A rana ta farko alkaliniti za ka fara gyarawa, sannan pH. Ma'aunin pH yana nuna inda ruwa ya karkata tsakanin tsami da kanwa: 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Duk uwargidan da ta taɓa jefa gutsuren kanwa a miyar tumatir domin ta kashe tsami ta san tushen wannan ilimi. Shi kuwa alkaliniti shi ne ke danne pH kada ya yi ta tsalle da ɗan abin da ya shiga ruwa, shi ya sa ake fara daidaita shi. A sabon yaɓe ana son ya tsaya wajen ppm 80, daga baya a riƙe shi tsakanin 80 da 120. Idan ya gaza, bekin soda ake sawa, kimanin giram 840 domin ƙarin ppm 10 a tafkinka. A ce ka auna ka samu 50, to kilo 2.5 kake bukata, ka raba shi kashi biyu ko uku, ka narkar da kowane kashi a bokiti. Kada kwatancen da na yi ya sa ka ɗauko kanwar kasuwa, domin a gauraye take da ƙasa da gishiri, kuma babu yadda za ka san ƙarfinta. Idan kuma alkaliniti ya yi yawa, asid ɗin da ke jarkar nan shi ne magani: in ƙarfinsa kashi 31 zuwa 33 cikin 100 ne, kimanin lita 1 tana sauke shi da ppm 10.

Daga nan ka riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.6. Za ka ga kullum da safe ya hau, wannan aikin siminti ne, ba laifin kowa ba. Ka sauke shi da asid kaɗan-kaɗan, kamar kwatan lita a lokaci guda, ka bar inji ya zagaya da shi na sa'o'i huɗu, ka sake aunawa. Muhimmancin pH bai tsaya ga bango ba. Kulorin idan ya shiga ruwa kashi biyu yake rabuwa, ɗaya mai kaifi wajen kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya mai rauni. A pH 7.5 kusan rabi da rabi suke, amma a pH 8 mai kaifin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mutumin da ke zuba kulorin a ruwan da pH ɗinsa ya haura 8 kuɗinsa yake zubarwa.

Sai kalsiyam. A kwana biyun farko ka tabbatar ya kai aƙalla ppm 150, sannan ka ɗaga shi a hankali zuwa 200 ko sama kaɗan cikin makonnin da ke biye, iyakarsa 400. Kalsiyam kulorayid ake sawa, kimanin giram 750 na mai ɓarzajjen nan domin ƙarin ppm 10. Yana ɗumama ruwa sosai idan yana narkewa, don haka ka zuba shi kaɗan-kaɗan a bokitin da ke cike da ruwa. Kada ka sa shi rana ɗaya da bekin soda, in ba haka ba ruwan zai yi fari kamar an dama koko.

Rana ta uku ce ranar kulorin. Ka auna giram 150 na garin, ka narkar a bokitin ruwa, ka zagaya kana tsiyayawa bayan faɗuwar rana, wannan zai ba ka kusan ppm 2. Kada ka watsa busasshen gari, kada kuma ka jefa ƙwaya ta kwanta a ƙasa, domin za ta ƙone yaɓen ta bar tabo. A rana ta huɗu sai ka sa sayanurik asid, wanda masu shago ke kira sitabilaiza, kilo 1.5 domin ka samu ppm 30. Yana da wuyar narkewa, saboda haka ka ɗura shi a tsohuwar safa ka rataye a gaban bakin da ke dawo da ruwa, ka riƙa matsawa lokaci zuwa lokaci. Har kwana 28 su cika, kada a zuba gishiri ko da kana da injin da ke yin kulorin daga gishiri, kada kuma a gangara na'urar zuƙe datti mai taya a kan yaɓen. Wanda tafkinsa tayil ne gaba ɗaya ba ya bukatar wannan doguwar goga, amma simintin da ke tsakanin tayil ɗin ma ruwa marar kalsiyam yana cin sa, don haka awon ɗaya ne.

Akwai magana kan kayan nan uku da aka ajiye maka, kuma ina roƙonka ka karanta wa duk wanda zai riƙa kula da wurin. Garin kulorin da ƙwayar kulorin sinadarai ne daban, idan suka haɗu a mazubi ɗaya da ɗan danshi suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Asid kuwa idan ya taɓa kowannensu yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Kowanne da ludayinsa da bokitinsa, kowanne a rufe a kusurwarsa, nesa da hannun yara. Kada a ajiye garin kulorin a ɗakin janareta, domin haɗuwarsa da fetur, gas ko baƙin mai tana tayar da gobara. Kullum sinadari ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan sinadari, kuma da safar hannu da tabarau. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudana na minti 15 sannan a tafi asibiti.

Yara za su shiga idan abu uku suka tabbata: kana ganin magudanar da ke ƙasan wuri mai zurfi sarai, pH yana tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma ya tsaya tsakanin ppm 2 da 3 kwana biyu a jere. Idan an bi wannan tsari, yawanci hakan yakan samu cikin makon farko. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sa ppm 1 a matsayin mafi ƙaranci, amma ta ce aƙalla 2 idan ruwan yana da sayanurik asid, kuma naka zai kasance da shi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tafkinmu na tayil ne, mun cika shi da ruwan burtsatse, ya fito garai-garai kamar a sha. Da yamma maigadi ya zuba kulorin, kafin gari ya waye ruwan ya koma kamar shayi, tsakanin tayil ɗin ma ya fara yin ja. Wasu sun ce kulorin ɗin jabu ne, wasu sun ce mu ƙara. Me ya faru, kuma dole ne mu zubar da ruwan? Daga wata uwargida, Abuja.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Kulorinku ba jabu ba ne, aikinsa ma ya yi, kuma ƙari ba zai gyara komai ba. Ruwan burtsatsenku yana ɗauke da narkakken ƙarfe. A ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska, ƙarfen yana narke ne ba a ganinsa, amma da zarar kulorin ya same shi sai ya mayar da shi tsatsa nan take. Abin da ke sa bahon wanka da farar riga su yi ja a gidajen da ke amfani da irin wannan ruwa ke nan, sai dai iska a hankali take yi, kulorin kuwa cikin sa'o'i. Ƙarfen da bai wuce ppm 0.3 ba ma yana iya barin tabo. Da launin ya yi baƙi-baƙi ko shuni, da sai in ce manganis ne, wanda shi ma ana samunsa a ruwan ƙasa.

Ki tabbatar da kanki: ki tari ruwan burtsatsen a farin bokiti, ki zuba murfi ɗaya na ruwan bilic marar turare, ki bar shi ya kwana. Idan ya yi ja, magana ta ƙare. Domin gane tabon da ke jikin tayil kuwa, ki danna ƙwayar bitamin C a kai na rabin minti, tabon ƙarfe zai washe a daidai wurin.

Ba sai kun zubar da ruwan duka ba. Tunda ƙarfen ya riga ya zama tsatsa, yanzu ana iya kama shi. Hanya mai sauƙi ita ce a bar inji yana aiki dare da rana, a riƙa wanke yashin tukunya ta hanyar juya akalar ruwa duk lokacin da allurar agogon matsi ta hau, ana kuma goge bango. Idan ruwan ya yi duhu sosai, a yi amfani da alif, wanda iyayenmu ke kwantar da ruwan rafi da shi. A narkar da shi a bokiti bisa adadin da ke jikin buhunsa, a juya bawul ta yadda ruwa zai zagaya ba tare da ya bi ta cikin yashi ba na sa'o'i biyu, a kashe inji a bar shi ya kwana. Da safe za ku ga laka ja ta kwanta a ƙasa. A zuƙe ta a hankali zuwa kwata kai tsaye, kada a bi da ita ta tukunya, domin za ta toshe yashin. Alif yana sauke pH da alkaliniti, don haka a sake awo bayan an gama.

Abin da ya fi damuna shi ne gaba, domin duk lokacin da kuka ƙara ruwa daga wannan burtsatsen kun ƙara ƙarfe. Ku riƙa tara ruwan a tanki, a bar shi ya zubo daga sama yana shan iska, a sa masa ɗan kulorin ya kwana biyu, sannan a tsiyaye na sama zuwa tafki. Akwai kuma ruwan magani da ake sayarwa mai riƙe ƙarfe kada ya kwanta a bango, amma ki sani ba ya fitar da ƙarfen daga ruwa, kuma ƙarfinsa yana raguwa, sai an riƙa sabuntawa.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Mako uku ke nan da cika tafkinmu. Kullum da safe ina sa garin kulorin, in auna in ga ppm 3, amma kafin la'asar sai in tarar babu ko ɗigo, ga gansakuka ta fara fitowa a matattakala. Wani ya ce in bar garin in koma ƙwaya kawai. Shin haka ne? Daga wani ɗalibinka, Sakkwato.

Amsa: Malam, ina amsawa. Rana ce ke shanye maka kulorin. Haskenta yana farfasa kulorin da ba shi da kariya, ta yadda mafi yawansa yakan tafi cikin 'yan sa'o'i, kuma garin da kake sawa ba shi da kariyar ko kaɗan. Kariyar ita ce sayanurik asid da na ambata a amsar farko, tsakanin ppm 30 da 50, giram 30 zuwa 50 ke nan ga kowace lita 1,000. Ka kuma mayar da lokacin zubawa bayan magariba, domin kulorin ya samu dare guda yana aiki.

Kafin haka ka raba tsakanin ɓarnar rana da ɓarnar gansakuka. Ka auna bayan isha'i, inji yana aiki, ka sake aunawa bayan asuba kafin rana ta fito. Idan abin da ya ragu ya wuce ppm 1, to akwai abin da ke cin kulorin a cikin ruwan. A nan sai ka sauke pH zuwa 7.2, ka goge gansakukar da buroshi, ka ɗaga kulorin zuwa wajen ppm 10 zuwa 12, ka riƙe shi a nan kana ƙarawa har sai awon dare ya daina nuna asara. Kada kowa ya shiga sai ya sauko ƙasa da 5.

Shawarar ƙwaya kuwa rabinta gaskiya ce. Ƙwayar tana da ƙarfi, kimanin kashi 90 cikin 100, kuma da kariyarta take zuwa, shi ya sa take jure rana. Matsalar ita ce kulorin yana ƙarewa, kariyar kuwa tana zama. Duk ppm 10 na kulorin da ƙwaya ta bayar yana barin kimanin ppm 6 na sayanurik asid. Idan tafkinka yana cin ppm 2 a rana, cikin wata uku ka haura 100, kuma a wannan matakin kariyar ta zama dabaibayi: gwaji zai nuna akwai kulorin, amma aikinsa ya yi sanyi, gansakuka ta dawo. Sayanurik asid ba ya fita da tururi, maganinsa sai a zubar da wani kaso na ruwan a zuba sabo. Ƙwayar tana da tsami kuma, tana jan pH da alkaliniti ƙasa. Shi ma garin yana da nasa saura, domin duk ppm 10 yana barin kimanin 7 na kalsiyam, kuma a zafin bazara, da ruwa ke ƙafewa ana ƙarawa, kalsiyam yana taruwa da sauri. Abin da nake ba da shawara shi ne garin ya zama na yau da kullum, ƙwaya kuma a bar ta domin lokacin tafiya, a cikin robarta mai yawo a kan ruwa, sannan a auna sayanurik asid da kalsiyam sau ɗaya a wata. Da hunturu, ƙura za ta ƙara wa kulorin da tukunyar yashi aiki, saboda haka ka rufe tafkin da tamfol idan ba a amfani da shi.

Tambaya: Malam, bayan walimar da muka yi yara da yawa suka shiga tafki, yanzu warin kulorin ya cika wurin, idon yara kuma yana ja. Na daina sawa kwana biyu amma warin bai tafi ba. Ko ya yi yawa ne? Daga wata mahaifiya, Kano.

Amsa: Hajiya, akasin haka ne, kulorin mai aiki ya yi kaɗan. Ruwan da ke da kulorin daidai warinsa kaɗan ne. Wannan wari mai yaji yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi, fitsari da man shafawa, ya zama wani sinadari da ake kira kuloramin, wanda ke sa ido ja da tari, ga shi kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta da sauri. Daina sawa da kika yi ya bar ruwan ba mai tsaro, don haka kada yara su shiga tukuna.

A akwatin gwaji akwai mataki biyu, na farko yana nuna kulorin mai aiki, na biyu yana nuna jimla. Ki cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne wanda ya gaji. Idan ya wuce ppm 0.4, ki duba pH ki mayar da shi wajen 7.2 zuwa 7.4, domin shi ma idan ya kauce yana sa ido zafi, sannan da magariba ki ƙara kulorin da ya kai ninki goma na wannan ragowar a lokaci ɗaya. Idan ragowar ppm 1 ce, ƙarin ppm 10 ke nan. A bar tafkin a buɗe, inji yana aiki har safe, domin iska ta kwashe warin. Idan kika ɗiga ruwan gwaji kika ga launin ruwan hoda ya bayyana ya ɓace nan take, wannan alamar kulorin ya yi yawa ne har ya kore launin, sai ki haɗa rabin ruwan tafki da rabin ruwan gora ki sake aunawa, ki ninka sakamakon biyu.

Nan gaba, kowane yaro ya watsa ruwa da sabulu kafin ya shiga, a riƙa fitar da ƙanana zuwa banɗaki kowace sa'a, kuma wanda ke gudawa kada ya shiga sam. Yawancin ƙwayoyin cuta kulorin yana kashe su cikin mintuna, amma akwai wata mai sa gudawa, kiriftosiforidiyam, da ke iya rayuwa fiye da kwana 7 a ruwan da kulorinsa yake daidai. Yaron da likita ya tabbatar yana ɗauke da ita sai ya yi mako biyu bayan gudawar ta tsaya kafin ya koma ruwa.